Guguwar Mina da Miyar Walimata

Duk unguwar Rusaifa babu wanda bai san bakin Abdulrauf ba, ko da bai san fuskarsa ba. Aikinsa kai abinci gida-gida a kan babur ɗin yayarsa, Yaya Zubaidatu, wadda ke dafa tuwo da masa da dambu tana sayar wa Hausawan Makka. Amma in ka zauna da shi sai ka rantse shi ya koya wa iska gudu. Wai a wani aikin Hajji ya ɗauko wani alhaji daga Mina, kafin alhajin ya gama cewa "a hankali" har sun iso Harami. Tun ranar ya raɗa wa kansa suna Guguwar Mina. Ban taɓa jin wani mahaluki ya kira shi da sunan ba sai shi kaɗai.

Ni Ubaidullah, ɗalibi daga Kano, babu ruwana da babur. Abin da ya haɗa ni da shi miya ce. Shekara da shekaru ina cin abincin abokan karatuna a jami'a, yau kabsa, gobe biryani, jibi shinkafar mutanen Indonesiya. Kullum in na suɗe hannu sai in ce musu, "Duk wannan fa shinkafa ce aka sauya wa riga. Ku bari ranar da za ku ci tuwo da miyar kuɓewa, ranar za ku san an yi abinci a duniya." Su yi ta dariya. To ga shi na kammala digirina na uku, na kama istiraha, gidan shaƙatawa na haya, a hanyar Jidda, na gayyace su duka walima ranar Asabar bayan la'asar. Har Shaihin da ya duba aikina, dattijon da ba ya zuwa taron kowa, ya ce zai zo ya ga wannan miya da na dame su da ita. Mutuncina kaf yana cikin tukunyar Yaya Zubaidatu.

Ana cikin haka ranar Alhamis da yamma na dawo daga masallaci na tarar da babur ɗin a tsakiyar lungu an yi masa tsirara. Abdulrauf na tsugune da sifana, maƙwabta sun kewaye shi.

"Dakta, zo ka ga tarihi!" in ji shi. "Kulob ɗin 'yan dabbab, masu babura, sun shirya tsere a filinsu, can bayan iyakar Harami. Gobe gwaji, Asabar da safe sibaƙ. Akwai ajin ƙananan babura. Na sa sunana."

"Da wannan babur ɗin?"

"Da wannan hannun. Babur ai bawa ne."

Turki direban tasi, wanda aka haifa a nan, Hausarsa duk ta sha Larabci, ya ɗaga madubin da aka cire. "Ya Abdulrauf, esh hada? Madubi kuma me ya yi maka?"

"Wanda ke gaba me zai yi da madubi? Na baya su ke buƙatar ganina."

Ya cire madubi, ya cire jak, ya cire batir, ya cire akwatin kaya na baya, wai duk nauyi ne. Wajen cire akwatin ya karya makullin murfinsa, notukan kuma ya jera su a bakin kwata, ƙafar Turki ta share su ciki. Sai ya jawo wata jarka ya ɗaga ta sama.

"Dokar tsere ta ce ruwa zalla za a zuba a lagireto. Su za su zuba na famfo. Ni Zamzam zan zuba."

Ya zagaya babur ɗin ta dama, ya zagayo ta hagu, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Muna tsaye muna kallonsa.

"Habibi," in ji Turki, "dabbab ɗin nan ba shi da lagireto. Iska ke sanyaya shi."

"Na sani. Gwada ku nake."

Ya yi bismillah ya kafa kai ya sha, ya miƙo mana mu ma muka sha albarka.

Daga nan ya kwance salansa, ya buga kik. Wallahi na ɗauka ginin ne ya rufto. Tantabaru suka watse, ƙararrawar motoci ta ɗauka daga farkon lungu har ƙarshe. Taga ta buɗe a bene, Hajiya Ɗaso, tsohuwar Basakkwaciyar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, ta leƙo da carbi a hannu.

"Kai wanga yaro! Mi kaka nema da rayukanmu?"

"Hajiya, addu'a za ki yi mini, kofi zan kawo wa unguwa!"

"Kofi? Ka kawo muna masarmu da zahi tukuna, kullum sai ta huce. Allah shi shirye ka, in ba ka shiryuwa Allah shi ƙwace makullin!"

Yaya Zubaidatu ta fito da muciya a hannu. Ta dubi babur, ta dubi ƙanenta. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi.

"Ka je ka karye in ka ga dama. Amma tuwo Turki zai kai shi da wuri. Miya kuwa sai ƙarshe nake kaɗa ta, ba na yarda ta kwanta. Kai za ka kai ta, da zafinta, kafin baƙin Malam Ubaidullah su zauna."

"Yaya, tsere da safe ne. Kafin azahar na dawo da kofi na yi wanka."

Wannan magana ce ta sa washegari bayan Juma'a na bi shi filin gwaji. Ba don ina ƙaunarsa ba, don in tsare babur ɗin da zai ɗauki miyata.

Filin kwalta ce mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiyar duwatsu, an jera tsofaffin tayoyi a gefe. Samari sun zo da babura masu sheƙi a bayan motoci, kowa cikin kayan fata. Namu gwanin ya sa wata rigar fata da ta yi masa yawa, ya ɗaure silifas ɗaya-ɗaya a gwiwoyinsa, irin waɗanda alhazai ke bari a Mina.

"Waɗannan na goga gwiwa ne a kwana," ya ce da wani saurayi mai suna Rakan da ya tsaya yana kallonsa. "Ku sai kun saya. Mu gwaninta muke sawa."

Rakan ya ce, "Masha Allah," ya juya yana rufe baki.

Da yake babu jak, ni aka bar wa babur in riƙe kamar ragon layya. Da yake babu batir, kik kuma ya ƙi, ni na tura shi cikin jallabiyata ta Juma'a, dakta guda, ina haki. Ya tashi da wata irin tari, ya saki farin hayaƙi da ya rufe rumfar makanikai duka. Mutane suka yi ta tsalle suna neman abin kashe gobara. Bai yi nisa ba ya mutu.

"Me ka zuba masa?" na tambaya.

Ya matso kusa da kunnena. "Man jirgin sama. Wani na samu a bayan gareji, a ɓoye ya ba ni."

Wani bakanike ya buɗe tanki ya shinshina. "Kananzir ne."

"To ai shi jirgi ke sha!" in ji Abdulrauf.

"Sai ka sa masa fukafukai."

Aka tsiyaye tanki, aka wanke kafireto, aka sauya fulogi. Ya sake fita, sarƙa ta zame. Aka mayar. Ya sake fita, fetur ya ƙare a can ƙarshen fili, don ɗan kaɗan ya zuba wai kada ya yi nauyi. Ya turo shi da ƙafa yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi. A fita ta ƙarshe babur ya yi lafiya har kwanar farko. Yana kwantawa, tayar baya ta ce ba da ita ba. Guguwar Mina ta tafi da gindi har cikin tayoyi, silifa ɗaya ta yi sama.

Na ruga na duba babur, sannan na tambaye shi ko ya ji ciwo. Yana zaune a ƙasa yana murmushi.

"Dakta, na gano sirrin. Babur ɗin nan ya saba da kaya. Tun da aka saye shi bai taɓa tafiya bayansa babu tukunya ba. Nauyi yake nema."

"Gida yake nema," na ce. "Ka mayar da akwatin nan yau ɗin nan."

Ya mayar kuwa. Da yake notuka suna cikin kwata, da waya ya ɗaure shi. Murfin kuma ya yage wani tsohon harami ya naɗe shi da shi. Na koma gida hankalina ya ɗan kwanta, tunda dai kafin azahar za a gama haukan.

Ranar Asabar na sha sabuwar shadda da hula zanna. Turki ya iso istiraha da kuloli cike da tuwon shinkafa, malmala-malmala, fari tas. Aka yi la'asar, baƙi suka cika falo. Shaihi ya zauna a tsakiya da sandarsa. Aka zaga da gahawa da dabino. Aka sake zagawa. Da aka zo zagaye na gaba sai wani abokina ɗan Pakistan ya ce, "Ya Ubaid, ko miyar daga Kano za ta taso?"

"Abu mai daraja ba ya gaggawa," na ce, ina kiran wayar Abdulrauf a ƙarƙashin riga. Ba ta shiga.

Turki ya ga zaman ya yi nauyi, sai ya haɗa wayarsa da babbar talabijin ɗin falon. "Yalla, kafin akil ya zo mu kalli sibaƙ. Kulob suna nunawa kai tsaye."

"Wane sibaƙ? Ai da safe aka yi."

"La, la. An ɗaga saboda zafi. Yanzu za a fara. Bai gaya maka ba?"

Na juya na dubi talabijin. A allon ga babura sun jeru. Can a layin ƙarshe ga wani mai akwati a baya, an naɗe shi da farin ƙyalle, wani siririn tururi na fita ta gefen murfin. Filin tseren yana kan hanyar istiraha. Mutumin nan ya karɓi miyata daga hannun Yaya, ya ga ya sami nauyin da yake nema, ya ratse.

"Wancan ba ɗan ƙasarku ba ne?" in ji wani ɗan Indonesiya. "Me ya ɗauko a baya?"

"Kayan gyara," na ce.

Aka saki tuta. Kowa ya tashi, shi sai da wani ya tura shi. Amma abin haushi, maganarsa ta fito. Babur ya ji tukunya a bayansa, ya kama kwalta gam. A kwanar farko ya wuce mutum ɗaya. A ta biyu ya bi ta ciki ya wuce wasu, irin kutsen da ya saba yi tsakanin motocin alhazai. Falo ya ɗauki sowa. Malamai masu gemu suka miƙe tsaye suna "Yalla ya Nijeriya!" Har Shaihi ya gyara tabarau. Ni kaɗai nake kallon ƙyallen nan, ina ganin bakinsa ɗaya ya kwance yana kaɗawa a iska.

A babbar kwanar da ke gaban 'yan kallo ya kwanta sosai, silifa ta taɓa ƙasa yadda ya daɗe yana mafarki. Ƙyalle ya tafi. Murfin akwati ya buɗe, murfin tukunya ya yi tsalle ya gangara gefe yana juyi. Sai ga ta. Miyar kuɓewa ɗanya, wadda ta sha man shanu da naman rago, tana zuba a kwalta tana jan zare, tun daga kwanar har tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya.

Na baya suka iso. Na farko ya taka, babur ya yi gabas shi ya yi yamma. Na biyu ya bi shi. Na uku ya taka birki, abin da ya fi muni ke nan. Haka suka yi ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya suna taruwa a jikin tayoyi, a hankali, kamar yara a kan tabarmar da aka jiƙa. Allah ya tsare babu wanda ya karye, sai dai duk wanda ya yunƙura zai tashi ƙafa ta sake kwashe shi. Na gaba da suka zagayo su ma suka shiga sahu, har da Rakan.

Abdulrauf bai san ana yi ba, babu madubi. Ya duba dama ya duba hagu bai ga kowa ba, sai ya saki hannu ɗaya yana dukan ƙirji. Masu kula da fili suka fito suna kaɗa jar tuta da hannu bibbiyu. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga musu hannu. Ya zagayo da iyakar gudunsa, ya tarar da abin da ya shuka. Babur ya wuce shi kaɗai, tukunya ta bi ta wani gefen, Guguwar Mina ta iso wurin sauran a kwance, ta yi musu sallama da ƙafa.

Mai sharhi yana ta ihu a lasifika, wai wani baƙon mai ya zuba a fili, ba a san irinsa ba. Makanikai suka taru. Ɗaya ya ce man birki ne, ɗaya ya ce na giya. Wani ya dangwala yatsa ya ɗaga, abin ya biyo shi har kafaɗa bai tsinke ba, ya yarfe hannu yana neman tsari. Sai wani dattijo cikin masu tuta, baƙi kamar ni, ya tsuguna ya shinshina, ya lasa. Ya lumshe ido. Aka kai masa abin magana.

"Bamiya ce," ya ce da Larabci, sannan Hausa ta ƙwace masa. "Wallahi kuɓewa ce, har da daddawa! Wace baiwar Allah ce ta yi wannan?"

A falo babu mai motsi. Ni dai ina addu'a ɗaya, Allah ya sa a tsaya nan. Ba a tsaya ba. Mai sharhi ya kutsa har wurin Abdulrauf, wanda ke zaune yana cire yankan kuɓewa daga hular kwano, ya tambaye shi me ya faru.

"Da farko dai kowa ya shaida ni kaɗai na rage a kan babur," in ji shi da Larabcinsa garau. "Na biyu, wannan ba mai ba ne, kada a ɓata wa dabbab ɗina suna. Miyar walimar Dakta Ubaidullah ce, ɗan Kano, suna nan istirahar gaba kaɗan shi da malamansa. Dakta, in kana kallo, ka ce su ƙara haƙuri, ga ni nan tafe!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige da shaddar da hular. Wayata ta yi ƙara, Yaya Zubaidatu ce.

"Malam, na gani. Hajiya Ɗaso ta kawo mini a waya. Kuɓewar ke nan, babu saura ko ta ɗanɗano. Ka yi haƙuri. Shi kuma ka ce masa kada ya dawo ta lungun nan, muciya na hannuna."

Kafin magariba motar kulob ta sauke shi a ƙofar istiraha, shi da babur da tukunya a lotse. Ya shigo falo yana ɗingishi, yana ƙamshin daddawa, ya ajiye tukunyar a gabana.

"Dakta, an sami saura."

Na leƙa. Abin da ya rage bai cika ludayi ba, da tsakuwa a ciki, da wani noti.

"Abdulrauf," na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

"Haba Dakta. Miyar wa aka taɓa nunawa a talabijin?"

Ɗan Pakistan ɗin nan ya kifa kai a kafaɗar na kusa da shi, jikinsa na girgiza. Shaihi ya buga sanda a ƙasa, aka yi tsit. Ya ce tunda an zo cin abincin Hausa, a kawo abin da ya samu. Aka buɗe kula. Ya gutsuri gaya, ya juya shi a hannu, ya sa a baki. Ya tauna, ya tauna, ya nemi shayi ya tura da shi. Kowa na jiran hukunci.

"Ya Ubaidullah," ya ce a hankali, "shi wannan farin bai yi wa kowa laifi ba. Ita kuwa miyar, mun ga aikinta da idonmu. Abin da ya kayar da samari a kan ƙarfe, ina ga tsoho mai sanda? Alhamdu lillahi da ba ta iso ba."

Falo ya fashe. Shaihi ya share hawayen dariya da gefen mayafinsa, ya yafito Turki.

"Ya waladi, akwai mai kabsa a bakin titi. Je ka ka ce ya kawo manyan faranti."

Haka na zauna a tsakiyar walimata, cikin sabuwar shadda, aka turo mini farantin shinkafa. Ɗan Indonesiya ya zaɓo tsoka mai kyau ya ajiye a gabana.

"Ci, ya Dakta," in ji shi. "Mun sauya mata riga."